Amfani da Majigi Wajen Gabatar da Bayani a Wurin Aiki

Kalmar majigi ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe, ko da yake na'urar da ake kira da wannan suna a ofisoshi yau ta sha bamban ƙwarai da wadda aka fara raɗa wa sunan. Kalmar ta aro ce daga Ingilishi, daga sunan wata tsohuwar na'ura da Turawa ke kira magic lantern, watau fitilar sihiri. Bahaushe ya ɗauki kashin farko na sunan ya yar da na biyu, sa'an nan ya yi masa irin kwaskwarimar da ya saba yi wa kalmomin aro. Tun da yake kalmar Hausa ba ta cika ƙarewa da baƙi ba, sai ya ɗosa mata wasali a ƙarshe, kamar yadda ya yi wa birki da bokiti. Ita fitilar sihirin, yawancin masana tarihi suna danganta ƙirƙiro ta ga Christiaan Huygens, mutumin ƙasar Holan, wajen shekarar 1659. Akwati ne kawai da fitila a ciki. A sa gilashi mai zane a gaban fitilar, haske ya ratsa shi, ruwan tabarau ya ƙara girman zanen a jikin bango.

Amma abin da Hausawa suka sani da majigi shi ne silman nan na tafi-da-gidanka na zamanin mulkin mallaka. Wani jami'in kiwon lafiya a Ikko mai suna William Sellers ya fara amfani da fim a ƙarshen shekarun 1920 don nuna wa jama'a yadda ɓera ke yaɗa annoba, kuma da gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya fina-finai don ƙasashen da take mulka a 1939, shi aka ɗora a kansa. Daga nan motocin majigi suka riƙa zaga garuruwa da ƙauyuka. Mota ta iso da janaretonta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, in dare ya yi a nuna tsabtar gida, ko noman auduga, ko allurar rigakafi, ko yaƙi da jahilci.

Abin lura a nan shi ne, majigin can ba ya tafiya shi kaɗai. Kullum akwai mai sharhi tsaye a gefe da lasifika, yana faɗa wa jama'a da Hausa abin da idonsu ke gani, yana ja musu hankali ga inda ya kamata su duba, wani lokaci har ya saka raha. Hoto yana nasa aiki, baki yana nasa, ba wanda ke maimaita ɗan'uwansa. Sellers kansa ya nace a riƙa nuna abu ɗaya a lokaci ɗaya, a hankali, ba tare da cunkoso ba. Dalilin da ya bayar na raini ne, domin a ganinsa ƙwaƙwalwar baƙar fata ce ba ta iya ɗaukar abu biyu. Ƙa'idar kuwa gaskiya ce, sai dai ta shafi kowane ɗan Adam, har da shi mai kafa ta. Wannan rabon aiki tsakanin ido da kunne shi ne ginshiƙin amfani da majigi, kuma shi ne aka fi tauyewa a ɗakunan taro na ma'aikatu da kamfanoni.

Yadda majigi ya shiga ofis

Kafin zuwan kwamfuta, ma'aikaci mai son nuna wa taro wani abu yana da hanya biyu. Ko dai ya yi rubutu a kan farar leda mai ratsa haske ya ɗora a kan na'urar da ke haska ta bisa bango, ko kuwa ya jera ƙananan hotunan kyamara cikin wani faifai mai juyawa, irin wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a farkon shekarun 1960 da sunan Carousel, ya daina ƙera shi a 2004. Duk hanyoyin biyu suna da wahala da tsada, kuma wahalar ta yi rana, domin mutum ba ya shirya hoto sai wanda ya tabbata yana bukata.

A 1987 wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Forethought ya fito da manhajar PowerPoint, wadda Robert Gaskins da Dennis Austin suka tsara, kuma a cikin shekarar kamfanin Microsoft ya saye shi a kan dala miliyan 14. Da farko aikin manhajar shi ne tsara shafukan da za a buga a kan ledar nan. Da majigi mai haɗuwa da kwamfuta kai tsaye ya yaɗu a shekarun 1990, sai leda ta kau, shirya falle hamsin ya zama aikin dare ɗaya. Na'urar ta kuma haɗa rubutu da hoto da fim da sauti a wuri guda. Sauƙin nan alheri ne, amma da shi aka sami taron da ake kwashe sa'a biyu ana karanta wa manyan mutane rubutun da ke jikin bango.

Haske da ɗaki

Wanda ya fahimci yadda na'urar ke aiki ba sai an yi ta jera masa dokoki ba, domin yawancinsu daga nan suka fito. A cikin majigi akwai fitila mai tsananin haske, da wani ɗan allo wanda ba ya kai tafin hannu, inda hoton ke samuwa, da ruwan tabarau mai jefa hoton waje. A wani nau'in, ana raba hasken gida uku, ja da kore da shuɗi, kowanne ya ratsa nasa allon, sa'an nan a sake haɗa su. A wani nau'in kuwa, wanda Larry Hornbeck na kamfanin Texas Instruments ya ƙirƙiro a 1987, ɗan allon cike yake da madubai ƙanana ƙwarai, kowane madubi yana wakiltar ɗigo ɗaya na hoton, yana karkata ya tura haske waje ko ya kau da shi sau dubbai cikin daƙiƙa guda. Majigin da ke nuna ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana sarrafa ɗigo fiye da miliyan biyu ke nan a kowane hoto.

Abu na farko da ke fitowa daga wannan shi ne, majigi ba ya iya haska baƙi. Haske kawai yake ƙarawa a bango. Inda hoto ya kamata ya yi baƙi, sai ya bar wurin ba haske. Saboda haka baƙin da 'yan taro za su gani shi ne kalar bangon kamar yadda take a hasken ɗakin. In rana tana shigowa ta taga ta sauka a allo, baƙin rubutu zai koma toka-toka, komai tsadar na'urar. Maganin ba shi ne a mayar da ɗakin duhu ɗinɗim ba, domin a duhu mutane ba sa iya rubutu, ba sa ganin fuskar mai magana, kuma bayan cin abincin rana sakamakon sananne ne. Abin da ya fi shi ne a saki labulen tagogin da ke kusa da allo, a kashe fitilun gaba, a bar na baya. Ana auna ƙarfin hasken majigi da ma'aunin lumin, kuma ɗakin taro matsakaici wanda ba a kashe fitilunsa duka ba yakan bukaci lumin 3,000 ko fiye.

Abu na biyu ya shafi nisa. In aka ja majigi baya har tazararsa da bango ta ninka, faɗin hoton zai ninka, tsayinsa ma ya ninka, watau filin da ya rufe ya zama ninki huɗu, alhali hasken da ke fitowa bai ƙaru ba. Kowane sashe na hoton zai sami rubu'in hasken da yake samu da farko ke nan. Mai son ƙaton hoto, to ya san da haske yake biya. Masu wannan sana'a suna da wata ƙa'ida ta kimantawa: in rubutu za a karanta, kada nisan mai zama a kujerar ƙarshe ya wuce tsayin hoton sau shida. Hoto mai tsayin mita ɗaya da rabi, mita tara ke nan. Wanda ba ya son lissafi, ya haska fallensa mafi cunkoso, ya taka zuwa kujerar baya ya zauna ya gani da idonsa.

Akwai kuma karkata. In an ajiye majigi a kan gajeren tebur an ɗaga gabansa, hoton zai fito da faɗi a sama, tsukakke a ƙasa. Na'urorin suna da maɓallin gyara wannan, amma gyaran yana matse hoton ne, ya rage masa kaifi. Gara a daidaita teburin da allo tun farko. Game da waya kuwa, tsohuwar mai shuɗin kai da ƙusoshi 15, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, hoto kaɗai take ɗauka, ba ta ɗaukar sauti. Mai lakabin HDMI, wadda ta shiga kasuwa a 2003, tana ɗaukar duka biyu. Kwamfutocin hannu da yawa yanzu ba su da kafar tsohuwar, wasu ma ba su da ta sabuwar, sai da ɗan mahaɗi. Taro nawa ne ya yi jinkirin rabin sa'a saboda wannan ɗan ƙarfe da bai kai yatsa ba?

Abin da ake sawa a allo

Nan ne maganar take. Idan mai gabatarwa ya rubuta jawabinsa a falle, ya haska, sa'an nan ya shiga karantawa, ya sa 'yan taro aiki biyu masu karo da juna. Ido ya fi baki sauri: kafin ya gama layi na biyu sun kai ƙarshen shafi, sun zauna jiransa, ko kuma suna ƙoƙarin karatu muryarsa tana katse su. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya yi gwaje-gwaje a kan wannan, ya tattara su a littafin da ya wallafa a 2001. Daga cikin abin da ya samu akwai cewa mutane sun fi fahimta in an nuna musu hoto ana bayani da baki, a kan a nuna hoton, a yi bayanin, a kuma rubuta kalmomin bayanin a allo. Ƙarin rubutun ragi yake jawowa. Mai sharhin majigin ƙofar fada bai karanta Mayer ba, amma a kan wannan tafarki yake.

To, me ya cancanci hawa allo? Abin da baki ba zai iya kawowa da kyau ba. Taswirar unguwannin da bututun ruwa zai bi. Hoton tsagewar da ta bayyana a ginshiƙin gada. Zanen da ke nuna yadda kuɗin shiga ya hau ya sauka cikin wata goma sha biyu. A irin waɗannan gani ya kori ji, kuma minti ɗaya na kallo ya fi minti goma na kwatance. Amma dalili da hujja, watau me ya sa abu ya faru, me zai biyo baya in an yi kaza, me ake roƙon shugabanni su yanke, wannan aikin cikakkiyar jimla ne, ko daga baki ko a takarda. Manhajar gabatarwa tana jan mai amfani da ita ya daddatsa tunaninsa ya zama guntayen layuka, kowanne da ɗigo a gabansa. Abin da ke fara salwanta a wannan datsa shi ne ƙananan kalmomin nan masu ɗaure magana, irin su domin, da saboda haka, da sai dai, da in ba haka ba. Su kuwa su ne jijiyoyin hujja. Jerin layuka huɗu ba ya nuna wanne ne sanadin wanne, ko wanne ya fi nauyi.

Kada a ɗauka wannan zancen ado ne kawai. Ranar 16 ga Janairu 2003, lokacin da kumbon Amurka mai suna Columbia ke tashi, wani ɓantaren soson da aka lulluɓe tankin mansa da shi ya ɓalle ya bugi fiffikensa na hagu. Yayin da kumbon ke sararin samaniya, injiniyoyin kamfanin Boeing suka gabatar wa shugabannin hukumar NASA kimantawarsu ta hanyar fallayen majigi. Kan ɗaya daga cikin fallayen, wanda aka rubuta da manyan haruffa, yana da kwantar da hankali. Can ƙasa kuwa, cikin ƙananan haruffa, an ambata cewa ɓantaren da ya bugi kumbon ya wuce wanda aka taɓa gwadawa nesa ba kusa ba. Alƙaluman da ke wurin sun nuna ya ninka shi sau 640. Ma'anar wannan ita ce gwajin da aka dogara da shi bai isa ya ba da tabbaci ba. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse a hanyarsa ta dawowa, mutum bakwai da ke ciki suka rasu. Edward Tufte na Jami'ar Yale ya yi wa wannan falle filla-filla, kuma kwamitin binciken haɗarin, a rahotonsa na Agustan shekarar, ya soki ɗabi'ar hukumar ta maye gurbin cikakken rahoton fasaha da fallaye, ya ce babban jami'i zai iya karanta wannan shafi bai gane cewa maganar rai ake yi ba. Ba falle ne ya fasa fiffike ba, kuma sanadin haɗarin ya fi haka yawa. Amma gargaɗin yana nan a rubuce a gaban masu yanke shawara, tsarin shafin ya binne shi.

Shi ya sa wasu wuraren aiki suka juya wa abin baya. A 2004 Jeff Bezos ya hana amfani da fallaye a taron manyan jami'an kamfanin Amazon. Mai kawo shawara sai ya rubuta ta a takarda cikin cikakkun jimloli, har shafi shida, a zauna shiru kowa ya karanta kafin a buɗe baki. Ba kowace ma'aikata ce za ta iya wannan ba, kuma ba kowane taro ne ke bukatarsa ba. Abin da za a iya ɗauka shi ne a raba kaya biyu: takardar da za a raba wa mahalarta, mai ɗauke da hujja da cikakkun alƙaluma, da fallayen da za a haska, masu ɗauke da abin kallo. Kan kowane falle kuma ya faɗi abin da fallen ya gano. "Kuɗin gyaran motoci ya ninka cikin shekara biyu" ya fi "Kuɗin gyaran motoci" amfani, domin wanda hankalinsa ya tafi na ɗan lokaci, in ya ɗago kai zai tarar da saƙon. Tebur mai layi talatin wurinsa takarda. A allo a fito da layuka uku da ake magana a kansu. A kuma tuna akwai maza da dama da ba sa bambance ja da kore, saboda haka kada riba da hasara su dogara ga waɗannan launuka biyu kaɗai.

Mai gabatarwa da Hausa yana da wata matsala tasa ta daban. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba kowane salon rubutun kwamfuta ne ke ɗauke da su ba. Mutum ya shirya fallayensa a gida lafiya lau, ya kai su kwamfutar ofis, sai ya ga ƙananan akwatuna a gurbin haruffan. Wasu don gudun haka sukan zubar da lanƙwasar gaba ɗaya, sai ƙasa ta zama kasa, ɓata ta zama bata, ƙafa ta zama kafa, a bar mai karatu da canka. Hanya mai sauƙi ita ce a adana kwafi ɗaya a tsarin PDF, wanda ke tafiya da haruffansa duk inda aka kai shi.

Tsayuwar mai magana

Majigi yana jan ido kamar yadda fitila ke jan fara. Muddin akwai abu a allo, can mutane za su duba, ko da an wuce maganarsa. Don haka in mai bayani ya zo wurin da yake son a dube shi, kamar lokacin da zai faɗi abin da yake roƙo, ko lokacin amsa tambaya, sai ya rufe hoton. A manhajar PowerPoint danna harafin B yana baƙanta allo, a sake dannawa hoto ya dawo. In kuma ya haska sabon zane, ya yi shiru na 'yan daƙiƙoƙi mutane su gani, sa'an nan ya faɗi abin da ke kwance da abin da ke tsaye a zanen kafin ya shiga fassara shi.

Ya tsaya a gefen allo, ba cikin haske ba, fuskarsa ga jama'a. Juya wa taro ƙeya ana magana da bango aibi ne a ko'ina, balle a inda ake zaune gaban na gaba da dattawa. Ban da haka muryar tana tafiya bango ne maimakon kunnuwa. Kwamfutar da ke gabansa tana iya nuna masa abin da ke allo tare da 'yan bayanansa na tuni waɗanda jama'a ba sa gani, saboda haka ba shi da hujjar waiwaye.

Sai batun sirri, wanda ba a cika tunawa da shi ba sai an ji kunya. Duk abin da ke fuskar kwamfuta yana iya bayyana a bango da girman ƙofa: saƙon iyali da ya faɗo ana tsakiyar bayani, sunayen fayilolin da ke buɗe, jadawalin albashin abokan aiki. Kafin a haɗa waya a rufe duk abin da ba na taron ba, a kashe sanarwar saƙonni. In ɗakin yana da tagogin gilashi masu kallon baranda, a san cewa mai wucewa ma ɗan taro ne.

Wuta, zafi da ƙura

Fitilar majigi irin ta da, wadda har yanzu ita ce a ofisoshi da yawa, tana ɗauke da zaiba, tana yin zafi ƙwarai, kuma takan yi aiki na sa'o'i dubu biyu zuwa dubu biyar kafin ta dusashe. Sababbi masu hasken leza sukan kai wajen sa'o'i dubu ashirin. Fankar da ake ji tana ci gaba da juyawa bayan an kashe na'ura, fitilar take sanyayawa. Zare filogi kafin ta tsaya, ko ɗaukewar wuta farat ɗaya, yana iya rage wa fitilar kwana, ita kuwa ba ta da araha. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ko ake sauyawa tsakaninta da janareto, ya kamata majigi ya kasance a kan na'urar ajiyar wuta mai batir, ko da ta minti goma ce, don a samu a kashe shi yadda ya dace. A lokacin hunturu kuma ƙura takan toshe rariyar iskar da ke gefensa, zafi ya taru, na'urar ta kashe kanta ana tsakiyar taro. A riƙa cire rariyar ana kakkaɓewa, kada kuma a jingina takardu ko jaka a bakin kafar iskar.

Duk da wannan tanadi, wata rana wuta za ta ɗauke, ko waya ta ƙi. Mai gabatarwa ya shiga ɗakin rabin sa'a kafin lokaci ya gwada komai, har da sauti in akwai fim. Ya riƙe kwafin fallayensa a wuri biyu. Zane biyu ko uku waɗanda bayanin ba zai yiwu ba sai da su, ya buga su a takarda gwargwadon yawan mahalarta, ya ajiye a jaka. In allo ya mutu sai ya raba takardun, ya ce a duba zane na biyu, ya ci gaba daga inda ya tsaya.